Faifan Ɗanmusa Mai Gidan Kallo

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Modibbo, mai unguwa da dattawansa, liman da fasto, waɗanda yau albarkacina suka zauna a benci ɗaya, iyayena mata, da matasan da ke can baya, kowa ya sunkuyar da kai kan waya: ina gaishe ku duka.

Na gode da kuka ba ni dama in yi magana kafin ku ɗaga hannu a kan rufe gidan kallona.

Na farko, ga shaidata. Wannan faifai ne, irin na rufe ƙwarya. Shekara ashirin da shida ina tsaye da shi a gefen talabijin. Da na ga namiji ya matso, mace ta lumshe ido, sai in kifa shi a kan gilashin har a koma dambe. Kuma don in san inda zan kifa, dole in riga kowa kallon fim ɗin ni kaɗai. Duk abin da na hana idanunku, nawa sun gani. Zunubin unguwar nan kaf a wuyana yake, ban taɓa jin wanda ya ce sannu ba.

Na biyu, zamani. Kakata a Agyaragu da zani ɗaya a ƙugu take daka, ba mai waiwaye. Muka zo lokacin da kafaɗar 'yar fim ke sa dattijo salati. Yau kuwa abin da faifai uku ba za su rufe ba, shi ake kallo a waya cikin Keke Napep, tsakiyar Lafiya, da rana tsaka. Ranar nan ina kifa faifai, Mama Ngodoo mai doya ta daka min tsawa da 'yar Hausarta: "Oga, cire wannan abu! Wannan mata mijinsa ne, tun farkon fim sun yi aure!"

Na uku, mai ƙara. Malam Muhyiddin ne ya rubuta cewa ina ɓata tarbiyya. Malam, na tuna ka kana saurayi. Ba ka taɓa zama a tsakiya ba, kullum kana jikin bango, inda ake hango fim ta gefen faifai, wuya a karkace. Jama'a ku duba, har yau bai gama miƙewa ba.

Kuna dariya, amma ni raina a ɓace yake. Wannan ce sana'ata, ban iya wata ba. 'Ya'yanku in sun shigo wurina, akwai mai tsaye yana jin kunya a madadinsu. In kun rufe, ba kallon za su daina ba, faifan kawai za su rasa.

Shugaba, ga shi na ajiye a teburinka. In hannuwa suka tashi, ka ɗauka, ka bi su waya-waya.

Allah ya shirya mana zuri'a, Allah ya mayar da kowa gida cikin aminci, Allah ya warkar da wuyan Malam Muhyiddin.

Na gode.