Ranar da Ya Kira Ɗan Farinsa da Suna

A tashar Gaya, wasu dattawa biyu da ba su san juna ba suna jiran motar Toranke ta cika.

"Malam, ka ji likitar nan a rediyo? Wai bincike ya nuna yaron da ubansa ke hira da shi ya fi kwanciyar hankali."

"Na ji. Surutu ne kawai."

"To ni na gwada. Ɗan farina, saboda kunya ban taɓa kiran sunansa ba. Shekaranjiya na ce, 'Hafizu, zauna, me ke damunka?'"

"Sai ya ce me?"

"Sai ya fashe da kuka ya ruga wajen uwarsa, wai Baba zai bar wasiyya! Kafin la'asar 'yan'uwana sun iso daga Kademi da kunu, suna yi mini sannu."

"Maganinka ke nan! Mu iyayenmu hira suka yi da mu?"

"Amma fa jiya ya biyo ni gona yana ta zuba. Ashe yaron barkwanci gare shi, ban sani ba."

Ɗayan ya cire hularsa, yana juya ta a hannu.

"Ni nawa yana Kano, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ka ce ka fara? Da sunan, ko da 'zauna'?"