Kujerar da ke Bayan Ɗaliba

Mai girma wakilin Ma'aikatar Ilimi, shugaban jami'a, shugaban Hukumar Tallafin Karatu da 'yan kwamitinsa, farfesoshinmu na sahun gaba, Hajiya matar marigayi da 'ya'yansa da ƙannensa, ɗaliban da ke tsaye a baya, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a madadin waɗanda Malam ya koyar a sashen nazarin zamantakewa. An kuma ce in taƙaita, har sau biyu aka tuna mini.

Ya kasance mutum mai wuyar sha'ani. Gara in faɗa, tunda kowa a nan ya ɗanɗana. Ka kai masa tsarin bincikenka na neman tallafin gwamnati, kafin ya juya shafi ya turo maka abinka: "Sake." Har muka sa masa Malam Sake. Ya san da sunan, yana ma amsawa.

Ya kasance yana gaya mana matsayinmu ba ɓoye-ɓoye. Ranar neman tallafi, likitoci da injiniyoyi ake fara kira. Masu tarihi da falsafa da zamantakewa sai shayin kwamiti ya huce.

Ga waɗanda ba su taɓa nema ba, hukumar tana da ƙa'ida. Ranar ganawa da kwamiti, mai nema ba ya shiga shi kaɗai. Sai farfesa ya raka shi, ya zauna a kujerar da ke bayansa. Ba ya cewa uffan. Zamansa shi ne shaidar cewa ya tsaya wa binciken. Idan babu kowa a kujerar, ko fayil ba a buɗewa.

Malam ya kasance yana zama a wannan kujera shekara da shekaru. Magana aka hana shi, ba tari ba. Wani abokin karatunmu da ke bincike kan 'yan dako, ɗan kwamiti ya tambaye shi, "To ɗana, wannan aiki naka gada zai gina ko rijiya?" Ya fara kame-kame, yana cewa ai yana da alaƙa da bunƙasa tattalin arziki, sai ya ji tari a ƙeyarsa. Ya haɗiye sauran. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zai gina komai ba. Zai dai gaya muku wa ke ɗaukar simintin." Da suka fito Malam ya harare shi. "Kai, wa ya ce ka yi iyayi? Cewa na yi kada ka yi ƙarya." Abokin namu ya samu tallafin. A lokacin ana samu.

A 'yan shekarun nan abin ya sauya. Ba a hana kowa nema ba, Allah ya kiyaye. Shawara kawai ake bayarwa. Wani ɗalibi da ya so ya yi nazarin masu gadin kurkuku ya samu shawara, yanzu yana rubutu kan amfanin dashen bishiya. Wata kuma ta daina ɗaga waya.

Sai ɗalibarsa ta ƙarshe. Ga ta can kusa da ƙofa, ba sai kun waiga ba, wasunku sun san fuskarta fiye da ni. Bincikenta kan unguwar da aka rushe a gefen layin dogo ne: ina mutanen suka koma, kuma wa ya mallaki filin. Da ta miƙa takardunta, wasu mutane masu ladabi suka je shagon mahaifinta suka tambayi lafiyar iyali, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Ba su sayi komai ba.

Hajiya, ki gafarce ni, ke kika ba ni izinin faɗin wannan. Da wata mota ta fara wuni a ƙofar gidanku da mutum a ciki, kin ce masa, "Malam, ka bar yarinyar nan ta canza taken bincikenta mana. Kai fa ba yaro ba ne." Ya ce, "Zama kawai zan yi, Hajiya. Tun yaushe zama ya zama laifi?"

Bai kai ranar ganawar ba. Likita ya ce zuciya ce. Mun yarda da likita.

Hajiya, 'ya'yan Malam, ba mu da abin da za mu ce muku da zai cike gurbinsa a gida. Ku yi haƙuri. Shekaru muna cinye muku lokacinsa, ba mu taɓa neman izini ba.

Ganawar yarinyar nan ranar Litinin ce. Mu da muka taso a hannunsa babu wanda ya kai matsayin farfesa, ƙa'ida ba ta ba mu kujerar ba. Ta bi ofisoshin farfesoshin sashenmu da na tarihi da na falsafa. Wani zai yi tafiya. Wani yana da taro. Uku sun riga sun san ba za su ji daɗin jikinsu ba ranar. Ta ce kowa ya karɓe ta hannu biyu, har da mai raka ta bakin ƙofa yana duba baranda hagu da dama.

Ta gaya mini za ta je ko ita kaɗai ce, ba kuma za ta canza take ba.

Mun gode wa ma'aikata da ta turo wakili, mun gode wa hukuma da furannin da ta aiko. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa juriya. Allah ya tsare mahaifin yarinyar nan a shagonsa. Farfesoshinmu kuma, Allah ya ba ko da ɗayanku lafiya ranar Litinin.

Amin.