Fankar Alhaji Mahamadu

Mai girma shugaban taro, mai girma magajin gari, malamanmu, iyayenmu 'yan kasuwar Dogon Dutsi, baƙinmu na Tibiri da Matankari, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Na gode wa ƙungiyar 'yan kasuwa da ta ce in yi bayanin sana'ata. Ni Saminu ne, mai harhaɗa ordinater, wato kwamfuta, kowa daidai da aikinsa. Ban iya magana a taro ba, har wannan ma sai da na rubuta na goge, na sake rubutawa.

Abu na farko: kafin in ɗaure ƙusa ɗaya, nakan zauna a shagon mutum in ga yadda yake aiki. Ta mai magani daban, ta mai hoto daban.

Abu na biyu, labari ne, kuma mai labarin ya ba ni izini. Kun san Alhaji Mahamadu mai wake, ga shi nan zaune. Bara idonsa ya raunana. Ɗansa Abdussalamu, don tausayi, ya ce ya koma gida ya huta. Alhaji ya zo wurina ya ce, "Ɗana, in suka zaunar da ni gida, sun rufe ni da raina. Yi min abin da zan riƙe magazata, shagon waken nan nawa, da shi."

Na haɗa masa mai babban allo, mai manyan haruffa, mai maɓallai kamar goro, mai aiki da hasken rana. Na sa mata fanka marar ƙara, ina alfahari da ita. Da na kunna, Alhaji ya kasa kunne ya ce, "Wagga ta mutu ne?"

Na ce, "Baba, tana aiki, ga 'yar fitilarta nan."

Ya ce, "Kai ka ganin hitila. Ni mi zan gani? Injin niƙa ma shina gaya ma mutane ya tashi!"

Jama'a, na koma shago ina tambayar kaina ko na san aikin nan. Na ciro fankar zamani, na sa tsohuwa mai gurnani. Da ya ji ta, ya yi dariya ya ce, "Yauwa, yanzu ta gaishe ni."

Don haka ina roƙonku, ku faɗa mana abin da ke damunku, ku faɗa ba kunya, ku faɗa ko da muna ganin mun iya.

Kakar bana, Alhaji da kansa ya karɓi wake, da kansa ya sallami motocin Yamai, Abdussalamu yana gefensa. Yanzu ma yana ɗaga min sanda, wai in gajarta, ya bar ordinater tasa a kunne tana jiransa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Baba, tashi mu tafi.

Na gode.