Gibin Naira Dubu Ɗari Biyu Ba Satar Nababa Ba Ne

Assalamu alaikum. Shugabar ƙungiyarmu ta masu matsar man gyaɗa, Hajiya Karima, malamanmu, wakilan manoman Zugu da Gwashi, baƙinmu na Anka, iyayena da 'yan'uwana na Gummi, ina gaishe ku. Na gode da ta'aziyyar maigidana Malam Sharu, wanda ya riƙe lissafin injinmu shekara tara. Na fito takaba, na tarar an tara ku don a sallami Nababa, mai tuƙa injin, saboda gibin naira dubu ɗari biyu a kuɗin ɗawainiyar watan jiya.

Ni Zulai, karatuna bai wuce firamare ba. Amma na zauna kusa da marigayi, na ga yadda yake yi. Ya kafa ma'auni: buhu ɗari biyu a wata, kowane buhu awa ɗaya, kowace awa dizal lita biyu, kowace lita naira dubu. In gibi ya fito, ba ya tambayar wa ya ci. Yakan ce, "Zulai, tsince shi kamar wake, kowace tsakuwa da inda ta fito." Na tsince, ga abin da na samu.

Na farko, tsada. Lita ta koma dubu ɗaya da ɗari biyu, mun sayi lita ɗari uku. Dubu sittin ke nan. Nababa ba shi da gidan mai.

Na biyu, ƙarancin aiki. Haya da albashin mai gadi dubu ɗari biyu ne, ko an matsa ko ba a matsa ba, wato dubu ɗaya a kan kowane buhu. Buhu ɗari da ashirin kawai suka iso, domin hanya ba lafiya. Buhu tamanin da ba su zo ba sun bar mana dubu tamanin. Nababa bai tare hanya ba.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Buhu ɗari da ashirin sun sha awa ɗari da hamsin, ƙarin awa talatin, wato lita sittin, dubu sittin. Na je na sami Nababa. Ya damƙo gyaɗa ya sa mini a hannu, ya ce, "Inna, tauna ki ji. Gyaɗar ga ɗanya ta." Na tauna, ba ta yi ƙaras ba. Mutanen Zugu sun cire ta cikin tsoro, ba su samu zaman shanya ba, kuma ɗanyar gyaɗa shaƙe inji take yi. Marigayi da busasshiya ya kafa ma'auninsa. Ku duba awannin da mata masu jiran layi suka rubuta: awa ɗari da hamsin, lita ɗari uku. Ko ɗigo bai fita daga cikin injin ba.

Don haka ina roƙonku, kada mu kori mai iyali takwas da ma'aunin da shekara ta canza. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu sabunta farashin mai duk wata, mu ware awon ɗanya da na busasshiya, mu share filin bayan inji ya zama wurin shanya, manomi ya kawo kayansa ya shanya cikin aminci. Littafin lissafin nan, in kun yarda, zan riƙe shi, Nababa ya riƙa karanta mini awanni.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya buɗe hanyoyin Bukkuyum, Ya tsare mu daga zaluntar bawansa, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.