Zanen Goyon da Munka Sawo Gaya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. Ni ce Hassi daga Fakku. Ban yi boko ba, faɗi nika yi ana rubuta min.

Kafin aurena mun tai yawon buɗe ido Gaya ta ƙasar Nijar, ni da ƙawayena Kulu da Ige. Kakata tac ce zamanin kakanninta da jakkai aka zuwa, ba mai tambayar takarda. Mun ci soyayyen kifi bakin gulbi, mun shiga kwalekwale, Kulu tana ta yi min dariya: "Hassi matsoraciya, saki hannuna, kada bai cin ramammu!"

Can munka sayi atamfa guda, shuɗiya mai zanen zabbi, munka raba uku. Munka yi alkawali kowacce da ita za ta goya ɗanta na fari.

Kulu can tay yi aure. Ga shi na haihu, na goya ɗiyata da nawa zanen, amma tun damina wayar Kulu ba ta shiga. An ce wani kwalekwale ya kife da mata can Gaya ranar kasuwa. Wallahi ban iya barci.

Mutanen Gaya, don Allah ku duba bayan mata. Wanda yag ga zanen zabbin nan, shi ce ma Kulu matsoraciyarta na cigiya.