Ranar da Na Kai Doroti Birmingham

Filina na bayan Kumbotso na sayar na yi kuɗin tafiya, na haɗa da awarwarona na zinare. Ke Ummi, babanki, yayana, har fushi ya yi da ni, wai mace ta haura arba'in, mijinta ya rasu, me za ta nema a Ingila? Na ce masa jinya na iya, can kuma masu kula da tsofaffi ake nema.

Ɗaki na kama a Cheetham Hill, saman wani sito na 'yan sari. Lanlod ɗin, wato mai gidan, sati uku ina bin sa ya gyara hitar ɗumama ɗaki.

"Gobe, sista."

"Jiya ma gobe ka ce."

"Ki ƙara bargo."

Na ce to shi ma ya ƙara haƙuri a kan kuɗin haya. Washegari sai ga mai gyara.

Aikina a wani gidan tsofaffi ne a Old Trafford. A nan na san Doroti, Baturiya mai shekara tamanin da ɗaya, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Kafin ta nemi ruwa sai ta yi minti guda tana kokawa da harshe. Bangon ɗakinta kuwa duk hotunan wata budurwa ne cikin riga mai ƙyalli. Na tambaye ta wace ce, ta nuna ƙirjinta ta ce, "Kabare." Ni kabari na ji, na yi salati, na zaci a maƙabarta take waƙa. Sai wata abokiyar aikina ta warware min: ƙaramin zaure ne, mutane na zaune a tebura suna cin abinci, mawaƙiya na tsakiyarsu tana waƙa tana ba su dariya. Shekara arba'in Doroti ta yi tana wannan sana'a.

Wata rana wasiƙa ta zo mata. An shirya gala a Birmingham, biki ne na karrama tsofaffin mawaƙa irinta, kuɗin tikiti kuma za a tallafa wa waɗanda suka tsufa ba fansho. Sunanta na ciki. Ƙarƙashin filo ta sa takardar, ko zanin gado zan canza sai ta riƙe ta a hannu.

Na je wurin manajanmu, Mista Kolin.

"Ba mu da ma'aikacin da zai raka ta, lof." Kowa lof ne, wato masoyi, a bakinsu, har wanda za su kora.

"Ranar hutuna ce, ni zan kai ta."

"Sai an yi riskasasimen."

Takarda ce da ake lissafa duk masifar da za ta iya samun mutum daga ƙofa zuwa ƙofa. Na zauna na cike shafi shida. Ya ce sai takardar GP, likitanta ke nan. Na samo. Ya ce sai danginta sun sa hannu. Ɗan ƙaninta kaɗai ya rage mata, na yi ta kiran sa har ya gaji ya amsa. Da Kolin ya ga ba sauran takarda, sai ya ce, "Rabi, in wani abu ya same ta, ke ce." Na fahimce shi sarai. Bizata a hannun gidan nan take, in suka sallame ni sai dai in haɗa kaya.

Jirgin ƙasa muka hau da keken guragunta zuwa Birmingham. Su Bamigam suke cewa, sun haɗiye rabin sunan. Yaya Sani, ɗan wan babanmu da ke aikin akanta a Lozells, shi ya zo ɗaukarmu a tasha. Da ya ji inda za mu sai ya tsuke fuska.

"Gidan gala za ki da hijabinki, Rabi?"

"Ba irin galar Kano ba ce, Yaya. Ko da ita ce ma, ba rawa zan je ba, tsohuwa zan kai."

A gidansa na yi magariba, matarsa ta taya ni sa wa Doroti rigarta mai ƙyalli, wadda na rage wa faɗi da allura don ta rame. Shi ya sauke mu har ƙofar otal.

Zaure ya cika. Na ture kofin giyar da ke gabana na nemi lemo. Ana kiran mawaƙan ɗaya bayan ɗaya, a haska hotunansu na ƙuruciya, a ba da tarihin inda suka yi waƙa, su hau dandamali su ɗan rera. Da aka zo kan Doroti sai ga matakala uku, ba hanyar keke. Wata budurwa ta kawo mata makirufo tebur. Doroti ta kawar da kai, ta dube ni.

"A tsaye," ta ce.

Dokar aikinmu ta hana ɗaga tsoho da hannu, da inji ake yi. Na san haka, na kuma tuna bizata. Na yi bisimilla, na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarta na miƙar da ita. Matakala ɗaya, mu huta, ta biyu, mu huta. A saman na tsaya a bayanta na harɗe hannu a cikinta, na ɓoye fuskata a kafaɗarta saboda fitilu.

Mai fiyano ya fara. Matar da ba ta iya neman ruwa sai ga kalmomi na fita daga bakinta a jere, ko tuntuɓe babu. Muryar ta dushe, amma ina jin ta tana tasowa a ƙarƙashin hannuna kafin ta kai kunnena. Baiti ɗaya ta yi da amshi. Mutane suka miƙe suna tafi. Bayana kamar an zuba garwashi, na fara juya ta mu sauka, sai ta ce a hankali, "Tukuna." Muka tsaya har tafin ya ƙare.

Ran Litinin Kolin ya kira ni ofis. Wani ya ɗauki bidiyo, ga shi nan a tsaye a kwamfutarsa.

"Kin san doka?"

"Na sani."

"Da ta faɗi fa?"

"Da ni zan fara kaiwa ƙasa, ta faɗo a kaina."

Ya turo min takardar gargaɗi, ya ce in aka sake sai kora. Na karanta ta tsaf na sa hannu, na koma na ba Doroti shayinta.

Da sanyin waccan shekarar ta rasu. Na ƙara shekara uku a gidan, sannan na dawo da akwati biyu da abin da ya gina ɗakunan nan biyu da kuke zaune a ciki. Ba yawa, amma ba wanda ya kore ni, da ƙafata na taho. Takardar gargaɗin tana cikin jakar takarduna, a saman shaidar makarantar jinya. Ni na ɗora ta a sama.