Abin da ke Ƙirjin Afra'u

JARATU: Allô? Salamu alaikum, Yaya Mariyama.

MARIYAMA: Wa alaikumus salam. Jaratu ce? Ina wuni?

JARATU: Lafiya lau, Yaya. Yaya Garwa, yaya zafi?

MARIYAMA: Zafi kam muna shan shi. Yaya Yaoundé? Yaya mutanen unguwarku Briqueterie?

JARATU: Duk lafiya. Yaya ƙafar Inna?

MARIYAMA: Da sauƙi, yau har ƙofar gida ta taka. Tahiru fa, ya dawo?

JARATU: Yana hanya. Ya ɗauki kaya zuwa Njamena, yau kwanansa goma sha ɗaya.

MARIYAMA: Allah ya dawo da shi lafiya. Mene ne wannan ƙara a bayanki?

JARATU: Ruwa ake yi, kan kwano yake duka. Kina ji na?

MARIYAMA: Sama-sama. Ina 'yata Afra'u? Ɗinkin ya warke?

JARATU: Ɗinki ya warke tun tuni. Sai dai shekaranjiya abin ya buge ta.

MARIYAMA: Baban ya buge ta? Ba yanzu kika ce yana hanya ba?

JARATU: Ba baban ba, Yaya. Abin. Na'urar da aka sa mata a ƙirji.

MARIYAMA: Subhanallahi. Lalacewa ta yi?

JARATU: A'a, aikinta ke nan.

MARIYAMA: Jaratu, ni fa har yau ban gane abin nan ba. Kin ce mini an yi aiki, na ce Allah ya ba da lafiya. Me aka sa wa yarinyar nan?

JARATU: Bai fi akwatin ashana ba, yana ƙarƙashin fata ta wajen hagu, da 'yar waya da ta tafi har zuciya. Sauraro yake yi dare da rana. In zuciyar ta rikice, irin rikicewar da ke kashe mutum nan take, sai ya buge ta da lantarki ta dawo daidai.

MARIYAMA: Irin rikicewar da ta ɗauke Siddiƙ.

JARATU: Ita ce. Likita ya ce ciwo ɗaya ne, a jini yake. Da ita da yayanta duka da shi na haife su.

MARIYAMA: To, yaya aka yi?

JARATU: Hadari ya taso, na ce bari in kwashe shanya. Ta riga ni fita da gudu, ita da Fatiha 'yar maƙwabta, suna riƙe da hannun juna suna dariya. Ban gama cewa ta daina gudu ba sai na ga ta tafi ƙasa. Ba ta ko kare fuskarta da hannu ba. Yadda malamin makaranta ya ce Siddiƙ ya faɗi a fili, haka ta faɗi.

MARIYAMA: Inna lillahi.

JARATU: A kan idona, Yaya. Ina tsaye da bokiti. Sai jikinta ya yi wata zabura, sau ɗaya. Can ta buɗe ido ta fashe da kuka, tana cewa wa ya haure ta a ƙirji.

MARIYAMA: Alhamdu lillahi. Kin kai ta asibiti?

JARATU: Na goya ta har bakin titi, 'yar shekara goma, muka hau moto, babur ɗin haya, cikin ruwa. Likita ya ɗora wani abu a kan ƙirjinta, komai ya fito a allo. Ya nuna mini da yatsa: nan ta tsaya, nan aka buge ta, nan ta dawo. Onze secondes.

MARIYAMA: Nawa?

JARATU: Daƙiƙa goma sha ɗaya. Ya ce, Madame, ba don wannan ba, da yau zaman makoki kike yi.

MARIYAMA: To ai abin godiya ne, ƙanwata. Me ya sa muryarki haka?

JARATU: Na gode wa Allah, wallahi na gode. Amma kin tuna rasuwar Siddiƙ? Kwana bakwai ba wajen sa ƙafa a gidan nan, daga unguwar Ekoudou, daga Nkomkana, har waɗanda ban sani ba. Yau kwana biyu da Allah ya maido mini da wannan, ko mutum ɗaya bai leƙo ya ce barka ba.

MARIYAMA: Ba su ji ba ne?

JARATU: Sun ji. Fatiha ta ce ta ji wani zirr a hannunta lokacin. Uwarta ta bi gida-gida tana cewa 'yata tana da wuta a jiki, duk wanda ya taɓa ta zai mutu. Likita ya ce ba ya cutar da kowa, na je na faɗa mata, ta labule ta amsa mini. Jiya a famfo mata suka janye 'ya'yansu.

MARIYAMA: Ita yarinyar fa?

JARATU: Tana kan tabarma tun jiya, ta ƙi motsi. Ko tari a hankali take yi, wai kar abin ya ji. Ɗazu ta ce, Mama, a cire mini, na yi alkawari ba zan ƙara gudu ba.

MARIYAMA: Me kika ce mata?

JARATU: Na shiga kicin na kunna murhu, ba abin da zan dafa.

MARIYAMA: Tahiru ya sani?

JARATU: Wayarsa ba ta shiga. Kuma ko ta shiga, in gaya wa mai tuƙa babbar mota wannan a kan hanya? Allô? Yaya?

MARIYAMA: Ina ji, rezo ne yake yankewa. Jaratu, da zan iya, da yau na nufi Ngaundere na hau jirgin ƙasa. Amma kin san Inna, ba mai ɗaga ta sai ni. Sai dai bayan salla.

JARATU: Na sani. Ba don ki zo na kira ba.

MARIYAMA: Ba ni Afra'u mu gaisa.

JARATU: Barci ya ɗauke ta. Ga ni zaune kusa da ita, hannuna a kan wurin. Ana jin sa ta fata, da tauri. Wani lokaci sai in ga shi kaɗai ne muke gadin ta tare.

MARIYAMA: Kar ki ce haka. Ga Allah, ga mu.

JARATU: Haka ne. Yaya, kiredina ya kusa ƙarewa, wayar ta yi mini ƙarar gargaɗi.

MARIYAMA: Nawa ma babu, sai yamma in na aika a sa mini. Kashe, kar ya ƙare miki duka.

JARATU: A'a, bar shi ya ƙare. Ko ba ki ce komai ba, ki dai tsaya. Tun shekaranjiya ban ji babban mutum ya kira sunana ba sai ke.

MARIYAMA: Jaratu.

JARATU: Na'am.

MARIYAMA: Jaratu, ina nan. Kina ji na? Jaratu? Allô?